Ma'auninki Bai Ga Maza Ba, Malama

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Da hantsin ranar Litinin, tara ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Malama, shugabar sashenmu na awon halayyar ɗan Adam, bayan jinyar da ta yi ta fama da ita tun bara. Ina gaban allo ina koyar da 'yan aji uku sakataren sashe ya leƙo. Bai yi sallama ba, bai kuma shigo ba, ya tsaya riƙe da ƙofa yana kallon ƙasa. Tun kafin ya buɗe baki gabana ya yanke ya faɗi. Na sallami ɗalibai, na zauna a kujerar da ta fi kusa.

Malama, an ce in rubuta wani abu a kanki saboda ni ce na fi daɗewa a ƙarƙashinki. Na so in rubuta irin wanda aka saba, yabo daga farko har ƙarshe, a karanta a share hawaye a watse. Na kasa. Tsoro ne fal cikina tun ranar da na koma ofishinki, kuma ke kaɗai na saba kai wa irin wannan tsoro. Ranar Alhamis mai zuwa kwamitin asibitin koyarwa zai zauna domin ya amince da ma'aunin fargabar da kika ƙarar da ƙarfinki a kansa, a raba shi a kowane ɗakin ganin likita, na maza da na mata, a kuma sa masa sunanki. Ni aka ce in tsaya a gabansu a madadinki. Lissafin ƙarshe da kika bar mini kuwa ya fito, kuma bai fito yadda muka so ba.

Wanda bai san aikinmu ba yakan ɗauka wasa muke yi da takarda. Mu ne masu tambayoyin nan da nas ke karanta wa majinyaci a ɗakin jira: kana samun barci, gabanka na faɗuwa, kana jin kamar wani mugun abu zai faru. A haɗa amsoshin a ba shi maki. Wanda makinsa ya hau a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, wanda nasa ya yi ƙasa a ba shi maganin da ya zo nema ya koma gida. Aikin Malama shi ne tabbatar da cewa tambayoyin suna auna abin da aka ce suna aunawa. Ranar da na fara shiga ajinki kika ce mana fargaba ba ta da jiki, ba a ɗora ta a sikeli, sai dai a gane ta ta wurin 'ya'yanta, 'ya'yan kuwa su ne tambayoyin. Idan ɗaruruwan mutane suka amsa, kwamfuta ta duba waɗanne tambayoyi ne ke tashi tare su sauka tare. Waɗanda suka yi kama haka, akwai uwa ɗaya a bayansu da ido ba ya gani, ita muke kira rukuni. Tambayar da ta yi kama da uwa biyu, ko wadda ba ta ɗauko kowa ba, sai a zaunar da ita a binciki asalinta. Duk lissafin da na koya daga baya, da haruffan da suka kusa makantar da ni, bai wuce wannan bayanin ba.

Ke kika sa mini Uwar Gaggawa, sunan ya bi ni har yau, har ɗalibaina na faɗarsa a bayan idona. Dalili kuwa na shigo miki ne a guje da sakamakona na farko, ina murna alƙaluma sun yi kyau. Ba ki ko kalli alƙaluman ba. Kika zare takalmanki kika tura su ƙarƙashin tebur, kamar yadda kike yi idan za a daɗe, kika ce in karanta miki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya da babbar murya, kamar ina karanta wa kakata. Ban kai rabi ba na ji kunya ta rufe ni, domin akwai wadda ni kaina ban san me take nufi ba. Kika yi dariya kika miƙo mini jan bironki. Tun daga ranar ban ƙara kawo miki lamba ba sai na fara jin kalmominta a bakina.

Da wannan karatu da babbar murya kika gano abin da ya ɗaga sunanki. Tsohon ma'aunin da asibiti ke amfani da shi fassararre ne, an ce rukuni biyu ne a cikinsa, fargaba da baƙin ciki. Amma duk sanda muka buga lissafi sai na uku ya ɓullo, wasu tambayoyi da babu abin da ya haɗa su: ɗaya a kan barci, ɗaya a kan shiga taro, ɗaya a kan makomar yara. Manyan sashe suka ce hayaniyar lissafi ce, a share. Kika ƙi. Kika yi ta maimaita su a bakinki har kika ji abin da ya haɗa su, kalma ɗaya ce, damuwa. Daga nan kika ɗauki 'yar kujerarki ta roba kika tare a ɗakin jiran mata na asibiti, kina sauraron yadda nas ke tambaya da yadda ake amsa mata. Na bi ki sau da yawa. Na ga wata dattijuwa, idanunta jajur don rashin barci, nas ta ce mata, "Mama, kina da damuwa a kan barcinki?" Ta gyara mayafi ta ce, "Ba damuwa, 'yata, mun gode Allah." Kika taɓa ni da gwiwar hannu.

Ashe waɗannan tambayoyi ba barci suke aunawa ba, ba tsoron taro ba. Suna auna yadda mutum ya iya mayar da gaisuwa ne. Duk inda aka ce damuwa, bakin mai tarbiyya zai ce babu kafin zuciyarsa ta ji tambayar. Kika sa wa rukunin suna kawaici. An yi ta zolayarki a ɗakin shan shayi na malamai, wai Malama ta gano uwar da ta haifi ba damuwa, ke ma kina taya su dariya.

Sai daga baya kika gaya mini dalilin da ya sa abin bai taɓa zama miki abin dariya a ciki ba. Muna cikin motarki a go-sulo, kika ba ni labarin wata matashiya mai ɗinki da ta zo asibiti da ciwon kai tun kina sabuwar ma'aikaciya. An yi mata tambayoyin, makinta ya fito ƙasa, aka ba ta maganin ciwon kai ta tafi. Ba a rufa wata ba aka dawo da ita a kwance, ta sha abin da ba a sha, kuma ba ta tashi ba. Kika ce, "Mutane na cewa ƙwazo ne da ni. Ba ƙwazo ba ne, tsoro ne. Tun ranar nake tsoron takarda mai kyau."  A lokacin na ɗauka na fahimce ki. Sai a wannan makon na san irin tsoron da kike nufi, wanda ke hana mutum haɗiye abinci.

Kika rushe ma'aunin kika sake gina shi daga bakin matan da kika saurara. Kika cire damuwa daga ko'ina, kika sa maganar da suke yi da kansu idan sun saki jiki: gabana na faɗuwa, barci ya ƙaurace mini, jikina a mace yake, ko ƙofa aka buga sai na zabura. Shekaru muka yi muna gwadawa, mu cire, mu mayar, mu sake tara amsoshi. Ranar da tambayoyin suka jeru a bayan uwa ɗaya, tsaf, a wurin 'yan mata da masu jego da tsofaffi, kika tashi ba takalmi kika zagaya tebur sau biyu, sannan kika ce in sake bugawa ko kwamfutar ce ke mana ladabi.

Alherinki ba a lissafi kaɗai ya tsaya ba. Ranar da zan kare digirina na uku mai rainon ɗana ba ta zo ba, na iso da shi a kafaɗa yana tsala kuka, hankalina a tashe. Kika karɓe shi, kika ce wa masu jarrabawa ke yau ba mai kula da ɗaliba ba ce, kaka ce, kika yi ta safa da marwa da shi a baranda har na gama. Ya ɓata miki riga, kika shiga hoto da ita a haka. A takardar binciken da ta fi kowace ɗaukaka a cikin ayyukanki, sunayen nas-nas ɗin ɗakin jira kika sa a gaban naki, aka yi ta ƙorafi, kika ce su suka yi tambayoyin, ke zama kawai kika yi a kujerar roba. Ɗalibin da ya faɗi darasinki ba ki taɓa kiran sunansa a aji ba. Sai dai ya ga kin jawo kujera kusa da shi a ɗakin kwamfuta, kin ce, "Nuna mini inda ta ɓace maka." Da mahaifiyata ta kwanta, ke kika riƙe azuzuwana ba tare da na roƙa ba, kuma ba ki taɓa tayar da zancen ba. Faɗa kuwa kin iya shi, kada a ce na ɓoye. Kin taɓa mayar mini da babi guda da rubutu ɗaya tak a samansa: wa kike son burgewa.

Duk amsoshin da muka gina sabon ma'aunin a kansu na mata ne, domin a ɗakunansu aka ba mu izini. Bara shugaban kwamitin asibiti ya so a raba shi ko'ina, ya ce ai mutum mutum ne, tsoro ba shi da namiji ba shi da mace. Kika ce mai yiwuwa haka ne, amma ba ki gwada ba, abin da ba ki gwada ba kuwa ba za ki sa masa hannu ba. Aka fara tara amsoshin maza a ɗakin masu hawan jini da na masu ciwon suga, ciwonki kuma ya tashi. A zuwana na ƙarshe wurinki, da la'asar, kin rame har zoben hannunki na juyawa, abin da kika fara tambayata shi ne, "An gama shigar da na mazan?"

Na ce, "Saura kaɗan, Malama."

Kika ce, "In an gama ki buga shi, kada ki jira ni." Kika mayar da numfashi, sannan kika yi murmushi. "Zai fito, in Allah Ya so. Jikina ya ba ni."

Na buga shi, Malama. A ofishinki na buga, a kan kwamfutarki, da safe bayan an share baranda. Silifas ɗinki na nan a ƙarƙashin tebur, na janye ƙafata don kada in taɓa su. Jadawalin ya fito. Tambayoyin sun watse. Tambayar gabana na faɗuwa ta bar 'yan'uwanta ta koma wurin ciwon ƙirji da haki idan an hau bene, domin namiji in ka ce masa gaba, zuciyar nama yake ji. Ta rashin barci ta bi masu aikin dare da direbobi. Ita kuwa tambayar zabura, kusan duk cikinsu a'a suka ce, abin da kowa ya amsa iri ɗaya kuwa ba ya tashi ba ya sauka, babu abin da zai nuna. Na nemi uwar da muka gani a wurin mata, ban same ta ba. Na koma na duba ko an yi kuskure wurin shigar da amsoshi, na raba mazan gida biyu na gwada kowane, na karanta tambayoyin da babbar murya ni kaɗai a ɗakin har muryata ta ba ni tsoro. Amsa ɗaya ce. Makin da ma'aunin zai ba namiji ba ya nufin komai, kuma yawancinsu ƙasa zai ba su.

Maƙwabcin ofishinki, Dakta mai koyar da ƙididdiga, ya shigo ya same ni a haka. Ya daɗe yana kallon allon kwamfutar. Sannan ya nuna mini da yatsa: a cire waɗannan tambayoyi, a ɗaure wannan da waccan, alƙaluman za su haye layin da ake nema. Ya ce, "Ba ƙarya za ki yi ba, gyara ne, kowa na yi. Ki bar baiwar Allah nan ta tafi da mutuncinta. In an ƙaddamar, sai ki gyara na mazan a hankali." Ba mugu ba ne, kin san shi. Yana maganar idonsa na kawo ruwa. Kuma gaskiya ya faɗa, za su haye, na san hanyar, ke kika nuna mini ita ranar da kike koya mana yadda ake gane wanda ya bi ta.

Tun daga ranar ban samu natsuwa ba. Ina tsoron shugaban kwamiti, wanda ya riga ya sa an buga katin gayyata da hotonki. Ina tsoron a ce ƙasar kabarinki ba ta bushe ba ɗalibarki ta tashi tana neman suna a kan aikinki, kuma na san bakunan da za su faɗa. Ina tsoron kada ni ce na yi kuskure, kada akwai wani abu a jadawalin da ke za ki gani da kallo ɗaya, ni kuma gaggawata ta rufe mini ido. Sau nawa na ɗauki waya zan kira ki. Ina tsoron kuma kwamitin ya fusata ya ajiye ma'aunin gaba ɗaya, har da na matan da ya tabbata, a koma wa tsohon. Idan na yi shiru kuwa babu wanda zai taɓa sani, wannan ma tsoro yake ba ni fiye da sauran.

Da wannan nauyi na je gidanki shekaranjiya. Babbar 'yarki ta tare ni a ƙofar falo ta riƙe hannuna. Ta ce, "Anti, an ce ranar Alhamis za a sa sunan Umma. Baba har ya sa an goge masa rigar da zai sa." Na ce Allah Ya kai mu.

Maigidanki na zaune a kujerar da ke kallon ƙofar shigowa, da kofin shayi a hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, ya ƙarin haƙuri?"

Ya ce, "Da godiya, 'yata. Ba damuwa."

Kofin na ta ƙara a kan faranti, shi kuma kamar bai ji ba. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ban san sanda tambayar ta fito daga bakina ba, na ce, "Baba, gabanka na faɗuwa kuwa?"

Ya dafa ƙirji ya ce, "Hawan jinin nan ne. Na sha magani."

Da 'yarki ta rako ni mota ta rage murya ta gaya mini sauran. Tun ranar Litinin ɗin bai kwanta a gado ba, a wannan kujerar yake wuni yake kwana. Ya karɓe makullin mota daga hannun autarku. Idan ɗaya daga cikin 'ya'yanku ya fita sayen burodi ya ɗan jima, sai ya yi ta kiran waya har a ɗauka, in an ɗauka kuma ya ce ba komai. Yakan tashi ya duba gas, ya dawo ya zauna, ya sake tashi. Ta ce, "Amma da an tambaye shi sai ya ce lafiyarsa ƙalau." Na zauna a mota ban tayar ba, na bi tambayoyinmu ɗaya bayan ɗaya a raina, ina amsawa da bakinsa. Makinsa ƙasa ya fito, Malama. Da ranar Juma'a zai je asibiti awon jini, nas ta karanta masa takardar da ke ɗauke da sunanki, da an ƙara masa ƙwaya an ce ya tafi gida.

Yau da safe na aika wa shugaban kwamiti jadawalin kamar yadda ya fito, ban taɓa ko lamba ɗaya ba. Na rubuta cewa ma'aunin ya tabbata a kan mata kuma a fara amfani da shi a ɗakunansu, amma kada a karanta wa namiji ko ɗaya sai an sake aikin daga tushe, an zauna a ɗakin jiran maza an ji da wace kalma suke faɗar tsoronsu, in suna faɗa. Har yanzu bai amsa ba. Na kira 'yarki na gaya mata, don kada ta ji a bakin wani. Ta ce, "To, Anti," ta kashe wayar. Ban san me ke cikin wannan to ɗin ba. Ranar Alhamis zan shiga ɗakin taron ni kaɗai. Kin ce jikinki ya ba ki zai fito, ni kuma zan tsaya a gaban mutane in ce bai fito ba. Ki yafe mini idan na yi kuskure a lissafin. Idan kuma daidai ne, na san ba sai na roƙi yafiya ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Malama, Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ta rayu tana tsoron kada a sallami mai ciwo a ce lafiyarsa lau, Ka amintar da ita daga dukkan tsoro a ranar da babu aminci sai naKa. Ka sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi, ilimin da ta bari ya riƙa isa gare ta. Duk matar da aka gano ciwonta ta dalilin wannan aiki, Ka kai ladan kabarinta. Mu kuma da ta bari, Ka ba mu ƙarfin zuciyar faɗar abin da muka gani, Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, da 'ya'yanta, da 'yan'uwanta, da nas-nas ɗin ɗakin jira da suka yi ta kuka a baranda, da ɗalibanta a duk inda suke. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Ku kuma ƙannena, 'ya'yan Malama, ko kun yi fushi da ni ina da roƙo ɗaya a wurinku. Idan kun tambayi Baba ya ce muku ba damuwa, kada ku tashi. Ku jawo kujera ku ƙara zama.